Yadda ake haɗa gangar wankin dutse don gyara fuskar wuƙa

Bara, ana saura kwana goma Babbar Sallah, ina tsaye a Kasuwar Dole ta Damagaram kusa da shimfiɗar wani maƙeri, sai ga wani magidanci ya tsuguna ya ɗauki wuƙar yanka ƙirar gida. Ya gwada kaifinta a farce, ya ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta, har ya gyaɗa kai. Da ya juya ta a hasken rana ya ga sawun injin gurza da ɗan jan tsatsa a gindin ƙota, sai ya ajiye. Ya matsa gaba ya sayi wata farar wuƙa 'yar kanti mai walƙiya, irin wadda ba ta gama fiɗar rago ɗaya sai ta dakushe. Abin ya tsaya mini a rai, don na san wadda ya ajiye ta fi wadda ya ɗauka nesa ba kusa ba.

Ƙarfen da maƙeran Damagaram ke aiki da shi ba shi da laifi. Sifirin ɗin mota da tsohon magagari ƙarfe ne mai riƙe kaifi in an ba shi ruwa yadda ya kamata, wato an gasa shi ya yi ja an tsoma shi a ruwa ko mai don ya taurara. Inda ake barin mu a baya shi ne fuska. Goge wuƙa har ta yi ƙyalli kamar madubi yana cin yini guda, kuma in ta yi kwana biyu a hannun mahauci ƙyallin ya tafi, kowane ƙarzo ya fito fili. Akwai wata hanya da masu ƙera wuƙaƙe a ƙasashen waje suka daɗe suna bi, suna ce mata wankin dutse. Ana zuba wuƙa cikin ganga tare da ƙananan duwatsu, gangar ta yi ta juyawa a hankali, duwatsun su yi ta bugun ƙarfen ta ko'ina har fuskarsa ta cika da ƙananan zane-zane masu kama da juna. Wuƙar za ta fito da launin toka-toka, ba ta ɗaukar ido, ba ta nuna sawun yatsa, kuma ƙarzon da aiki zai jawo mata daga baya yakan ɓace cikin wanda yake jikinta tun farko.

Gangar da zan kwatanta ita ce wadda nake aiki da ita, kuma babu wani abu a jikinta da ba a samu a cikin garin nan.

Kayan da za ka tara

Zuciyar aikin ita ce injin share gilashin mota, wanda makanikai ke ce wa waifa. Ka nema wajen masu tsofaffin kayan mota, ka sa su gwada maka shi da batir a gabanka, kuma ka roƙa a bar maka ɗan guntun hannun ƙarfen da ke ɗaure a bakinsa tare da notinsa, don za ka buƙace shi. Dalilin zaɓen wannan inji shi ne yana aiki da wutar batir mai bolt 12, yana da ƙarfi, kuma ba ya gudu: yawancinsu tsakanin juyi 40 zuwa 60 suke yi a minti ɗaya, wanda shi ne daidai abin da ake so.

Sai bututun roba mai kauri irin na magudanar ruwa, mai faɗin milimita 110. Tsawonsa ya fi na wuƙarka da kamar santimita 10. Ga wuƙar yanka ta yau da kullum santimita 40 ya wadatar. Ka haɗa da murfi biyu, ɗaya na liƙewa, ɗaya mai zare da ake buɗewa a rufe, da gam ɗin bututu. Sai boris huɗu na ƙafar babur, tsofaffi ma sun isa muddin ba su cije ba, da kusoshi masu noti da za su shige su. Sai katako mai kauri na shimfiɗa, kamar santimita 70 a 30, da 'yan guntayen katako, da tsohuwar robar cikin taya, da waya, da makunni, da fis mai amfa 10. Wuta kuma batirin mota ko na sola. Wanda yake da tsohon akwatin wutar kwamfutar tebur, shi ma yana ba da bolt 12.

Haɗa gangar

Ka yanke bututun daidai, ka kankare bakinsa. Kafin ka liƙe komai, ka yanko 'yan sirara guda biyu ko uku daga ragowar bututun, faɗin yatsa ɗaya, tsawonsu ya ɗan gaza na gangar, ka manna su a cikinta a tsaye daga wannan baki zuwa wancan, da tazara daidai a tsakaninsu. Waɗannan haƙarƙari ne, kuma kada ka raina su. Cikin bututu santsi gare shi. In babu abin da zai ɗaga duwatsun, za su kwanta ne a ƙasa suna zamewa, bututu na juyawa su kuwa suna nan inda suke, wuƙa ta fito gefe ɗaya a goge, ɗayan kamar ba a taɓa ba. Haƙarƙarin ne ke kwasar su sama su zubo.

Ka yanka robar taya zagaye guda biyu daidai faɗin cikin murfi, ka manna ɗaya a kowane murfi. Ita ce za ta tare tsinin wuƙa in ya doki ƙarshen ganga, ta kuma rage ƙara. Sannan ka liƙe murfin baya da gam, ka liƙe mazaunin murfi mai zare a gaba, ka bar su su kwana. Washegari ka zuba ruwa ka rufe ka mirgina a ƙasa, ka duba ko yana yoyo.

Ban yarda a huda gangar don ɗaura ta da inji ba. Na gwada, kuma komai yawan gam da na sa, girgiza ta buɗe ramin ruwa ya riƙa ɗiga a kan inji. Abin da ya fi shi ne a yi mata hannu mai kama ta daga waje.

Hannun da ke juya ta

Ka kai wa mai walda ɗan guntun hannun waifan nan. Ya yanko faifan ƙarfe zagaye mai faɗin tafin hannu, ya huda tsakiyarsa, ya liƙa guntun a kai ta yadda ramin guntun zai zauna a tsakiyar faifan cif. Daga nan ya liƙa yatsu uku na ƙarfe mai faɗi a gefen faifan, kowane tsawon santimita 6 zuwa 8, a lanƙwashe su miƙe gaba, ta yadda murfin baya na gangar zai shige tsakaninsu kamar yadda tukunya ke zama a kan murhu. Ka tafi da gangar don a auna a jikinta.

Ka tsaya a kansa kada ya yi waldar alhali ƙarfen yana ɗaure a jikin inji. Haƙoran da ke cikin yawancin waɗannan injuna na roba ne, zafin walda yana bin sandar ya narkar da su. A yi walda a gefe, a bari ya huce, sannan a ɗaura da noti.

Ka naɗe murfin baya da robar taya zagaye biyu, ka tura shi cikin yatsun ya shiga da ɗan ƙarfi, ka ƙara ɗaure yatsun da wata robar daga waje. Robar tana riƙewa, kuma tana yafe ɗan karkacewar da ba a rasa ba tsakanin inji da ganga.

Yanzu shimfiɗa. Nauyin gangar da duwatsunta yakan kai kilo 3 ko fiye, kuma bai kamata wannan nauyi ya rataya a wuyan inji ba. Boris huɗun nan su ne za su ɗauke shi: biyu kusa da gaba, biyu kusa da baya, kowane biyu suna fuskantar juna da tazarar kamar santimita 7 zuwa 8, gangar ta kwanta a tsakaninsu. Ka kafa su a jikin guntayen katako da kusoshi, ka sa washa, wato ɗan zoben ƙarfen nan mai lebur, a kowane gefe don su juya sakayau. Ka lura su taɓa jikin bututun ne, ba kan murfi ba. In ka sa wa kowane boris zoben roba, ƙarar za ta ragu sosai.

Sai a ƙarshe za ka kafa injin, domin tsayin gangar ne zai gaya maka tsayinsa. Ka ɗora gangar a kan boris, ka matso da injin, ka yi ta sa masa katako a ƙasa har tsakiyar faifan ta yi daidai da tsakiyar murfi. Ka juya da hannu ka gani. In gangar tana ɗagawa daga kan boris a wani wuri tana komawa, ba a daidaita ba tukuna. A nan ake ɓata lokaci, kuma ya cancanta, don injin da aka kafa a karkace yana zafi da wuri. In ya zauna, ka ɗaure shi da ramukan kusoshin da ke jikinsa ko da ɗamarar ƙarfe. A can gaban gangar ka kafa ɗan katako da zai hana ta zamewa ta fice daga yatsun.

Wayar wuta ba wuya. A yawancin injunan jikin ƙarfen shi ne waya mai sanyi, sai ka haɗa shi da ƙafar batir mai alamar ragi. Sauran wayoyin ka taɓa su ɗaya bayan ɗaya da ƙafar tarawa: ɗaya za ta ba ka juyi a hankali, ɗaya da sauri, saura na mayar da waifa mazauninsa ne, ka naɗe su ka ƙyale. Ka sa fis kusa da batir, sannan makunni.

Maganar gudu

In akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe game da injin, to wannan ne. Gangata ta farko da injin tsohuwar na'urar wanki na haɗa ta, mai juyi wajen 1400 a minti, na rage shi da bel amma bai ragu yadda ya isa ba. Na kunna, na ji shiru, na ɗauka aiki na tafiya lafiya. Bayan awa guda na buɗe na tarar da wuƙa yadda na sa ta. Gudu ya manne duwatsun da wuƙar a jikin bango suna zagayawa tare, ba mai taɓa wani. Kowace ganga tana da iyakar gudun da in an kai shi haka za ta faru. Ga bututu mai milimita 110 iyakar tana wajen juyi 130 a minti, ga mai 160 kuwa wajen 110. Aiki mai kyau yana samuwa a kusan rabin wannan ko ƙasa da haka, shi ya sa waifa ya dace ba tare da wani bel ba.

Ka sa alamar alli a jikin gangar, ka ƙirga sau nawa take wucewa a minti ɗaya da agogon wayarka. Amma kunne ya fi ƙirga. In kana jin "shaaa" mai tsawo, zamewa suke yi. In kana jin bugu mai ƙarfi ɗaya-ɗaya, ana jefa su ne daga sama, kuma hakan na iya karya tsini. Ka rage gudu ko ka ƙara duwatsu. Sautin da ake nema shi ne irin na tsakuwa in ana juye ta daga kwano a hankali, ba yankewa.

Duwatsun

Allah Ya hore mana dutse a Damagaram, duk wanda ya zaga tsohuwar unguwar Birni ya san haka. Tsakuwar gini da ake fasawa daga irin waɗannan duwatsu tana da ƙwayoyi masu ƙyalli da suka fi ƙarfen wuƙa tauri, don haka tana ci sosai. Tsakuwar ƙorama wadda ruwa ya riga ya gyara ta fi ta taushin hannu, kuma da ita nake ba sabon shiga shawarar ya fara. Fasassun tayil na daɓe da fasassun faranti na tangaran su ne suka fi ba da zane mai kyau a idona, siriri kuma mai yawa. Tsingaron tukunya irin ta garin Mirya na gwada shi: yana da laushi, yana narkewa ya zama laka, sai dai yana barin fuska mai santsi marar zurfin zane, ga wanda yake son haka. Kwalba kam kada ka sa, tana farfashewa ta yanke ka wajen kwashewa.

Girman ya kama daga ƙwayar gyaɗa zuwa dabino, a gauraye. Manya su ke bugu, ƙanana su ke shiga lungu. Ka duba ramukan da ke jikin gindin wuƙarka, ka fitar da duk dutsen da zai iya shiga ya maƙale.

Duk abin da aka fasa sabo, tayil ne ko tsakuwar gini, bakinsa kaifi gare shi kamar aska. In ka zuba wuƙa a cikinsa haka, zai yi mata rauni mai zurfi da sai ka koma kan injin gurza. Na yi asarar aikin yini biyu a kan wannan. Ka zuba duwatsun su kaɗai da ruwa, ka bar su su ci junansu awa huɗu zuwa shida, kana sauya ruwan in ya yi kauri. Ka damƙi cikin hannu ka matse. In ba abin da ya soke ka, sun nuna. Ruwan da ka zubar kada ka watsar, kowa ya san darajar ruwa a garin nan. Ka tara a bokiti, laka ta kwanta, ka tsiyaye na sama ka sake aiki da shi. Duwatsun kuma suna ƙara kyau ne da tsufa, ka adana su.

Shirya wuƙar, inda aikin gaskiya yake

Ana sa wuƙa a ganga bayan an gama ƙira, an ba ta ruwa, an sassauta taurinta da ɗan zafi, amma kafin a sa ƙota kuma kafin a wasa ta. Wuƙar da aka ba ruwa ba a sassauta ba tana iya tsagewa da bugun dutse. Bakin kaifin ka bar shi da kauri kamar rabin milimita, wato kamar kaurin farce. Tsinin ma ka bar shi da ɗan jiki, ka ƙarasa fiƙe shi daga baya. In ka sa wasasshiyar wuƙa, duwatsu za su cinye kaifin su bar shi da giɓi-giɓi.

Da na fara wannan aiki na ɗauka duwatsu za su rufe mini sawun injin gurza. Na kai wa wani dattijon maƙeri da nake zama wajensa wuƙar farko da na fitar, ya karkata ta a rana, ya bi wani dogon layi da farcensa tun daga gindi har tsakiya, ya ce, "Yaro, wannan fa?" Na ce, "Baba, na zaci dutse zai cinye shi." Ya miƙo mini ita ya ce in koma in goge. Gaskiyarsa. Zanen da duwatsu ke yi ba shi da zurfi, kuma ba shi da alkibla; layin injin gurza kuwa mai zurfi ne kuma miƙaƙƙe, don haka sai ya ƙara fitowa a tsakiyarsu.

Saboda haka ka goge da sanfefa da hannu, a kan ɗan katako mai lebur. Ka fara da lamba 120 har sawun inji ya ɓace, ka koma 220 kana gogawa ta wata fuska daban don ka ga lokacin da sawun 120 ya ƙare, in kana da hali ka rufe da 400. Wuce nan ɓata lokaci ne. Sannan ka wanke da sabulu da ruwan zafi, kuma daga nan kada yatsanka ya sake taɓa fuskar. Ka zura waya a ramin gindi ka riƙa ɗauka da ita.

In kana son baƙar fuska

Za ka iya tsallake wannan ka sa wuƙar a ganga fara, ta fito da launin toka mai haske. Amma wadda ta fi ɗaukar hankalin masu saye ita ce wadda aka fara baƙanta ta da tsami, sannan duwatsu suka zazzana baƙin, farin ƙarfe yana leƙowa ta ƙarƙashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce binega, ruwan tsamin nan na girki. Ka sami wani guntun bututu mai murfi a ƙasa, ka tsayar da shi, ka cika da binega, ka rataya wuƙar a ciki ta nutse duka ba tare da ta jingina da bango ba. Ɗumi yana hanzarta aikin, kuma ranar Damagaram ta isa: ka ajiye a rana kawai. Bayan kowace awa ka ciro ka ɗauraye ka duba. Wani ƙarfen awa biyu ya ishe shi, wani sai ya yini. Ruwan lemun tsami ma yana yi.

Masu gyaran rediyo da ke zana allon lantarki suna amfani da wani ruwa mai launin tsatsa da ake kira ferik kulorayid. In ka same shi ya fi sauri kuma ya fi baƙi: kashi ɗaya nasa, kashi uku ko huɗu na ruwa, minti biyar zuwa goma, a ciro a ɗauraye, a maimaita in ana son ƙari. A robar kawai ake zuba shi, don yana cin tagulla da sanholo, kuma tabonsa ba ya fita a tufafi. Ka sa safar hannu, ka kiyaye idonka. Ruwan batir kuwa, ina roƙonka, kada ka kusance shi da sunan wannan aiki. Yana ƙona fata, yana makantarwa, kuma ba ya ba da abin da ake nema.

Inda ba ka son tsami ya taɓa, kamar bakin kaifi ko tambarinka na maƙeri, ka shafa jan farce ka bari ya bushe kafin ka tsoma.

Da ka ciro daga tsami, ka ɗauraye, ka tsoma cikin ruwan kanwa na 'yan mintoci. Kanwar nan da ake kawo mana daga ƙasar Manga tana kashe tsamin; in ba a yi haka ba zai ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye, gobe ka tarar da ja. Kada ka dirje baƙin, ka bar shi.

A nan za ka ga wani abu da ke burge ni har yau. Inda ƙarfe ya sha ruwa ya taurara yakan fi baƙi, inda bai taurara ba ya fito da haske. Wanda ya tsoma bakin wuƙa kaɗai a lokacin ban ruwa zai ga layi ya ratsa ta daga gindi zuwa tsini. In kuwa ka ga farin tabo a kan bakin kaifi, to wurin bai sha ruwa ba, kuma gara ka mayar da ita wuta tun yanzu da ka sayar wa mutum ita ta ba shi kunya ranar layya. Farar wuƙar kanti marar tsatsa binega ba ya yi mata komai, wannan hanya ta baƙin ƙarfe ce.

Juyawa

Ka zuba duwatsu har rabin gangar ko ɗan fiye. In sun yi kaɗan wuƙa za ta riƙa faɗuwa tana bugun bango, in sun cika ba za su sami wurin motsi ba. Ka tura wuƙar tsakiyarsu. Ka zuba ruwa kamar kofin shayi biyu, don duwatsun su jiƙe kawai ba su yi iyo ba, da ɗigon sabulun ruwa, da ɗan tsunkulin garin kanwa wanda ke rage saurin tsatsa. Wasu suna fesa ɗan mai maimakon ruwa, zanen yakan fi laushi, amma wanke duwatsun daga baya aiki ne. A bushe ma ana yi, sai dai ya fi ci kuma yana ta da ƙura.

Wuƙa ɗaya a lokaci ɗaya. Na san jarabar da ke zuwa gab da Sallah in oda ta taru, na kuma taɓa zuba uku tare. Sun sassari juna, kowace ta fito da tabo a baki. In aiki ya yi yawa gara ka haɗa ganga biyu, kana shirya ɗaya, ɗayar na juyawa.

Ka kunna, bayan minti 10 ka kashe ka duba. Wuƙar da aka baƙanta yawanci minti 15 zuwa 30 ya ishe ta. In ta wuce haka baƙin zai tafi duka, sai ka sake tsomawa a tsami. Fara kuwa takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Duk lokacin da ka duba, ka ɗauraye ka share ka kalle ta a inuwa, domin jiƙaƙƙen ƙarfe yana yaudarar ido, ka kuma juya ta, inda tsini yake ya koma gindi. Ka rubuta a jikin bango irin dutsen da mintocin da suka ba ka abin da kake so, don mai saye zai dawo ya ce irin waccan yake so.

Ka riƙa taɓa injin. An yi shi ne don mota cikin ruwan sama, ba don zafin watan Afrilu ba. In hannunka ba zai iya zama a kansa ba, ka kashe ya huta. Ka yi aikin a inuwa, kuma in gangar ta ɗumama ka buɗe murfin a hankali. Ka naɗe hannun riga, ka kawar da bakin rawani da carbi daga wajen yatsun nan uku, domin injin ba ya gudu amma ba ya tsayawa in ya kama abu. Yara kuwa ƙarar tana jawo su, kada ka bar su da ita. In wuta ta ɗauke ko batir ya mutu, ka ciro wuƙar nan take. Baƙin ƙarfe in ya kwana cikin jiƙaƙƙun duwatsu, da safe rami-rami za ka tarar.

Bayan ta fito

Ka wanke da sabulu, ka share, ka shanya a rana ta bushe ƙarau har cikin ramuka. Ka cire jan farcen da ruwan goge shi. Ka shafa mai siriri tun tana da ɗumi. Wuƙar nama ce, don haka man da ake ci za ka sa, kaɗan, ka goge ragowar don kada ya yi danƙo. Ka gaya wa mai saye gaskiya: wannan fuska tana ɓoye ƙarzo, tana kuma riƙe mai fiye da mai santsi, amma ba ta hana tsatsa. In ya yanka ya wanke, ya share ya shafa mai kafin ya mayar kube, musamman da damina.

Wajen sa ƙota ka naɗe fuskar da takarda da salatif don kada gam ko magagari su taɓa ta. Wasawa ita ce ta ƙarshe. Ka riƙe hannunka a kusurwa ɗaya a kan dutsen wasa, kada ka kwantar da wuƙar har dutse ya hau kan fuskar, don duk inda ya goga zai bar farin tabo da ba ya gyaruwa sai an koma ganga. In ka yi daidai, za ka sami siririn farin layi mai ƙyalli a bakin, faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, yana bin baƙar fuskar tun daga gindi har tsini.

Wuƙa mai naɗewa sai an kwance ta an sa ruwan wuƙar shi kaɗai, an kuma rufe ramin ƙusa da inda yake gogar jiki da jan farce mai kauri, in ba haka ba za ta riƙa girgiɗi bayan an mayar. Aska da duk wani ƙarfe mai sirantaka irin nata, da wuƙar da aka yi wa ado da tagulla ko zanen hannu, kada su shiga gangar nan.